Igwa Ta Ci Ta Ƙoshi, Mai Ɗurin Harsashi Ya Samu Ragowa

A watan Mayun 2024 kamfanin Vista Outdoor na Amurka ya aika wa dillalansa wani gajeren saƙo. An dakatar da sayar da albarushin gwangwani na reshensa mai suna Alliant, sai abin da hali ya yi, domin sinadarin da ake yinsa da shi ya yi ƙaranci a duniya. Ba a sa ranar dawowa ba. Ga wanda ba ya cikin harkar, wannan ba wani labari ba ne. Amma ga Amurkawan da ke ɗura harsashinsu da hannunsu a gida, tamkar a wayi gari ne a ce wa mai shayi an daina kawo ganye. Wasu daga cikin albarusan Alliant, irin su Bullseye da Unique, sun haura shekara 100 a kasuwa. Kaka ya yi aiki da su, uba ya gada, jika ya taso ya tarar da gwangwanin a ɗakin ajiya.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne lokacin da saƙon ya zo. Ana ganin an fita daga mummunan ƙarancin 2020 da 2021, kantuna sun fara cika, sai ga wannan. To ashe ƙarancin iri biyu ne suka hau kan juna, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta jiran farashin da ba zai dawo ba.

Bari mu fara da sana'ar kanta, ko in ce sha'awar, tunda yawancin masu yinta ba don neman kuɗi suke yi ba. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da dalmar da ke fita ta bakin bindiga, sai wani ɗan ƙaramin maɓalli a gindin kwanson wanda ke ba da tartsatsi idan aka ja kunama. Wannan na ƙarshe mu kira shi ƙyastu, don aikinsa ke nan. A cikin huɗun nan kwanso ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ba ya ƙarewa da harbi ɗaya. Mai harbi sai ya tsince kwansonsa, ya koma gida ya wanke, ya sake ɗura shi. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi wannan don amfanin kansa ba tare da lasisi ba. Sai in zai sayar ne ake neman takarda. A nan Najeriya ba haka abin yake ba, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ba. Shi ya sa batun yake zama mana baƙo, har da ɗan ɗaci: mu muna kukan harsashi ya yi yawa a hannun 'yan bindigar daji, su suna kukan albarushin wasan ƙarshen mako ya yi wuya. Amma a ƙarƙashin kukan nasu akwai labarin yadda masana'antar makamai ta duniya take tafiya, kuma wannan ya shafi kowa.

Dalilan masu ɗuri uku ne a mafi yawan lokaci. Akwai mai neman sauƙi, domin harsashin kamfani yana ɗauke da harajin kashi 11 cikin 100 a ƙarƙashin wata doka ta 1937 da ke tara kuɗin kula da namun daji, alhali kayan haɗin da aka saya ɗaiɗai ba su da wannan harajin. Akwai mai tsohuwar bindigar gado wadda kamfanoni suka daina yi wa harsashi. Sai kuma 'yan gasar harbin nesa, waɗanda ke son kowane harsashi ya fita da gudu ɗaya da ɗan'uwansa, su kuwa ba sa yarda da aikin inji. Waɗannan na ƙarshe su suka fi kowa shan wahala a ƙarancin, kuma za mu ga dalili.

Albarushin da Bahaushe ya sani shi ne baƙi, na bindigar toka, wanda 'yan bindigar sarki ke tashi da shi a hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, ƙara ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe fili. Wanda ake magana a kai a nan wani abu ne daban, sunan kawai suka haɗa. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884, Alfred Nobel ya biyo da nasa bayan 'yan shekaru, Ingila ta yi nata a 1889. Asalinsa auduga ce ko niƙaƙƙen itace da aka sarrafa da asid har ya koma wani sinadari da ake kira naitiroselulos, wato audugar albarushi. Ba ya hayaƙi sosai, ba ya toshe bututun bindiga da toka, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Wannan ƙarfin ne ya sa in aka kuskura aka zuba shi a bindigar toka, bututun ke fashewa a hannun mai ita. Baƙin albarushi ana iya yinsa a ƙauye, an kuma daɗe ana yi. Mara hayaƙi kuwa sai babbar masana'antar sinadarai, da ruwa mai yawa, da fili mai faɗi nesa da gari.

Wani abin da na waje ba ya ganewa shi ne, a ce "akwai albarushi a kanti" magana ce da ba ta da ma'ana ga mai ɗuri. Akwai iri fiye da 100 a kasuwar Amurka, kowanne da saurin cin wutarsa. Mai saurin ci na ƙaramar bindigar hannu ne, mai jinkiri na doguwar bindiga ne mai babban kwanso. Ba a musanya su da ka. Wanda ya yi hakan zai iya rasa yatsu ko ido. Ɗan gasa yakan kwashe makonni yana gwaji kafin ya dace da awon da bindigarsa ke so, ya ƙona albarushi da dalma da ƙyastu masu yawa a hanya, har bututun ma ya ɗan ci. In ya dace, to ya ɗaure kansa da wannan iri. Ko lambar rukunin da aka fitar daga masana'anta ta canza, sai ya sake ɗan gwaji. Saboda haka mutumin da ya shigo kanti neman Varget ko H4350, ya tarar da gwangwani talatin na wasu iri, a wurinsa kantin wayam yake. H4350 ya zama abin nema ruwa a jallo tun lokacin da harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi wajen 2007, ya mamaye gasar harbin nesa.

Ƙarancin farko da mutanen wannan zamani ke tunawa shi ne na 2008 zuwa 2009, bayan zaɓen Barack Obama, lokacin da tsoron za a tsaurara dokar bindiga ya sa aka yi wa kantuna wawaso. Na biyu ya fi muni. Bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, an yi ta maganar sabbin dokoki, kuma albarushin ƙananan bindigogi ya ɓace na kusan shekara biyu. A lokacin jita-jita ta yi ƙarfi cewa gwamnati ce ke saye harsashi da gangan don ta busar da kasuwa. Ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya duba lamarin, ya fitar da rahoto a farkon 2014 cewa sayayyar ma'aikatar tsaron cikin gida raguwa ma ta yi a waɗannan shekarun. Rahoton bai kashe jita-jitar ba. Irin wannan zance ba ya mutuwa da hujja, domin ya fi daɗin faɗa fiye da a ce maƙwabcinka ne ya kwashe.

Sai 2020, shekarar da komai ya haɗu: annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, da zaɓe mai zafi. Hukumar FBI ta yi binciken masu neman bindiga sau miliyan 39.7 a wannan shekara, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar masu masana'antar bindigogi ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Kowannensu yana son kwalin harsashi ko biyu. A daidai wannan lokaci kamfanin Remington ya durƙushe a watan Yuli, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta koma aiki kaɗan-kaɗan, har Vista ta saye ta a kan dala miliyan 81.4 ta shiga farfaɗo da ita. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin Joe Biden ta toshe sabbin izinin shigo da harsashin Rasha a matsayin takunkumi kan batun gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny, alhali harsashin Rasha shi ne mai arahar da talakan mai harbi ke dogaro da shi.

Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san sauran labarin. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a yi wahala, mai sayen lita goma sai ya ce a cika tanki, ya kuma fito da jarka daga but. Haka mai ɗurin da ya saba sayen laba ɗaya, wato gram 454, ya koma sayen babbar jarkar laba takwas, guda biyu in an bar shi. 'Yan bumburutu ma ba a rasa su ba: masu saye a kanti da safe su sa a kasuwar intanet da yamma a ninki biyu ko uku. Ƙyastu ya fi albarushi wahala a wancan lokaci. Kamfanoni huɗu ne manyan masu yinsa a Amurka, Federal da CCI da Remington da Winchester, kuma dukansu masu yin harsashi ne. Mai gidan burodi ba ya sayar da fulawa ranar da ake layin burodi a ƙofarsa. Kwalin ƙyastu 1,000 da ake saye dala talatin da 'yan kai ya haura dala 100, in ma an samu.

Wannan shi ne iri na farko na ƙarancin, na tsoro da wawaso. Yana da magani a cikin kansa: idan ɗakunan ajiya suka cika, aljihu ya huce, hankali ya kwanta, sai layi ya watse. Haka aka yi a 2010, haka aka yi a 2015, kuma zuwa 2022 da 2023 alamun hakan sun fara bayyana. Iri na biyu ba daga aljihun masu saye ya fito ba, kuma don a gane shi sai an juya gwangwanin an karanta ƙananan rubutun da ke bayansa.

Sunan da ya fi kowane girma a wannan kasuwa shi ne Hodgdon, kamfanin iyali da ke jihar Kansas. Wanda ya kafa shi, Bruce Hodgdon, tsohon sojan ruwa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ji cewa gwamnati na da tulin albarushin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba, sai a 1947 ya ci bashi ya sayi laba 50,000 na wani iri mai lamba 4895, ya ajiye a tsohon taragon jirgin ƙasa, ya riƙa sayar wa masu ɗuri ta hanyar talla a mujalla. Watau wannan sha'awa a ragowar yaƙi ta yi ƙiba tun farko. Kamfanin ya bunƙasa, ya sayi IMR a 2003, ya karɓi lasisin sayar da albarushin Winchester a 2006, ya ƙara da Accurate da Ramshot a 2020. Amma har yau Hodgdon ba shi ne ke yin albarushin mara hayaƙi da ke ɗauke da sunansa ba. Dillali ne mai gwaji da zubawa a gwangwani.

Varget da H4350 da H4895 daga garin Mulwala na Ostireliya suke zuwa, daga masana'antar gwamnatin ƙasar wadda kamfanin Thales ke gudanarwa, kuma aikinta na farko shi ne sojojin Ostireliya. Na IMR ana yinsu ne a Valleyfield da ke lardin Quebec na Kanada. Masu ƙwayoyi zagayayyu daga St. Marks suke a jihar Florida. Waɗannan biyun na General Dynamics ne, ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar sojan Amurka. Yawancin na Ramshot daga Beljiyom ne. Alliant kuwa, wasu nasa daga masana'antar soja ta Radford ne a jihar Virginia, wasu daga Suwidin, wasu daga Suwizalan. Vihtavuori na Finlan ne, mallakar Nammo. Ka ƙirga su duka, ba su wuce yatsun hannu biyu ba, kuma babu ko ɗaya da aka gina don mai ɗurin gida. Kowace tana da manyan abokan ciniki biyu a gabansa: soja, sannan kamfanonin harsashi masu saye da tan-tan. Gwangwanin laba ɗaya shi ne na ƙarshe a layi, shi ne kuma mafi wahalar yi, tunda dole kowane rukuni ya yi daidai da na baya don littattafan awon da mutane ke bi su ci gaba da zama gaskiya.

A kan wannan siririn reshe yaƙin Yukren ya sauka a 24 ga Fabrairun 2022. An ɗauka zamanin igwa ya wuce, sai ga yaƙin da ake harba dubban harsasan igwa kowace rana. Kafin yaƙin Amurka tana yin harsashin igwa mai faɗin milimita 155 wajen 14,000 a wata. Sai ta sa wa kanta burin 100,000 a wata. Tarayyar Turai ta yi alkawarin ba Yukren miliyan ɗaya cikin shekara guda a Maris 2023, ba ta kuma cika a kan lokaci ba. Ƙarfen harsashin ba shi ne babbar matsalar ba. Abin da ke tura shi ne. Shugaban Faransa Emmanuel Macron da kansa ya fito a 2024 ya ce albarushi ne ainihin abin da ya yi musu ƙaranci.

Lissafin yana da sauƙi. Laba ɗaya tana ɗura harsashin doguwar bindigar farauta wajen 160, ko na ƙaramar bindigar hannu fiye da 1,000. Mafarauci mai fita sau biyu a shekara zai iya shekara da laba ɗaya. Harbin igwa guda zuwa nesa mafi tsawo kuwa yana cin fiye da kilo 10, wato abin da zai ɗura harsashin farauta sama da 3,000. Harbi ɗaya ke nan, a yaƙin da ake yin dubbai kafin rana ta faɗi. Albarushin igwa ba irin na bindiga ba ne, ƙwayoyinsa manya ne, haɗinsa daban, ba wanda zai zuba shi a kwanson farauta. Amma tushensu ɗaya, audugar albarushi, kuma a nan aka yi karo.

Wanda ya san harkar auduga a Funtuwa ko Gusau ya san cewa bayan an gurje kaɗa, akwai ɗan guntun gashi da ke maƙale a jikin angurya. Bai isa kaɗi ba, bai isa saƙa ba. To wannan gashin angurya, bayan an tsaftace shi, shi ne mafi kyawun abin yin audugar albarushi. Kuma ƙasar da ta fi kowa sarrafa shi ita ce Sin. Shugaban kamfanin Rheinmetall na Jamus, Armin Papperger, ya faɗa a 2024 cewa Turai ta dogara da Sin wajen fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan kaya. Ka duba wannan al'amari: ƙasashen da ke ɗaure wa Yukren gindi suna sayen tushen albarushinsu daga babbar ƙawar Rasha, ita ma Rashar tana cikin layin masu saye. Ana iya amfani da niƙaƙƙen itace a madadinsa, wasu masana'antu ma sun daɗe suna yi, amma sauya tushe a harkar soja yana buƙatar sabon gwaji da sabuwar amincewa, abin da ke cin watanni ko shekaru. A Amurka kuma audugar albarushi ta soja a wuri guda ake yinta, Radford, masana'antar da aka gina a farkon shekarun 1940. Idan rundunar soja ta ce tana buƙatar abin da ke fitowa daga masana'antarta, babu mai gwangwanin da zai ɗaga yatsa. Tun a Disambar 2023 Vista ta sanar da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan albarushin Alliant, ta kuma ambaci ƙarancin da ake hasashe a duniya. Bayan wata biyar sai ga dakatarwar.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, tunda akwai masu saye da kuɗi a hannu, me ya hana a gina sabbin masana'antu? Wani ɓangare na amsar lokaci ne. Faransa, ƙasar Vieille, ta daina yin albarushin igwa a gida a 2007. Da yaƙi ya tilasta mata, kamfanin Eurenco ya sake gina layi a garin Bergerac, mai ƙarfin tan 1,200 a shekara, kuma sai a 2025 aka buɗe shi, duk da gwamnati na tsaye a kansa tana ingizawa. Ɗan kasuwa mai zaman kansa zai fuskanci neman fili, da izinin muhalli, da inshora, da horar da ma'aikatan da kuskurensu ɗaya zai iya tashi da gini. Misali yana nan kusa: masana'antar GOEX da ke Louisiana, wadda ita kaɗai ce ke yin baƙin albarushi a Amurka, ta yi gobara a 2021, Hodgdon, mai ita a lokacin, ya rufe ta, sai da wani kamfani, Estes Energetics, ya saye ta a 2022 ya shiga gyara. Na ɗan lokaci ƙasar da ta fi kowa sojoji masu ƙarfi ba ta iya yin irin albarushin da maƙerin ƙauye ke yi.

Ɗaya ɓangaren amsar kuwa tsoro ne, kuma a ganina tsoro ne mai hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan zaɓen Donald Trump a 2016 fargabar dokar bindiga ta kwanta, ciniki ya faɗi warwas, kamfanonin da suka faɗaɗa aiki a zamanin Obama suka koma sallamar ma'aikata. Remington ya shiga fatarar farko a 2018 kafin ta 2020. Masana'antar da za ta ɗauki shekaru kafin ta mayar da jarinta ba za a gina ta a kan wawason da ke wucewa cikin wata 18 ba. Kuɗin da ke shiga harkar yanzu na gwamnatoci ne, da kwangiloli masu tsawo, kuma igwa aka yi wa su. Akwai 'yan ƙananan yunƙuri na kasuwa, kamar White River Energetics a Arkansas da ya fara yin ƙyastu, amma ba su kai su sauya lissafin ba tukuna.

To yaya kanti yake bayan duk wannan? Zuwa 2025 ba za a ce babu albarushi ba. Ƙyastu ya dawo, iri da yawa na Hodgdon da Winchester da Ramshot ana samunsu ba tare da gudu ba, Varget da H4350 suna zuwa su tafi, na Alliant ne suka zama sai mai rabo. Mutane da yawa sun haƙura sun sake gwaji da wasu iri. Wasu sun koma Vihtavuori, wanda a da ake gani na masu hannu da shuni ne, har tazarar farashinsa da sauran ta ragu. Wasu sun koma Shooters World, wanda masana'antar Explosia ta ƙasar Cek ke yi. Sai dai duka biyun su ma suna yi wa igwa aiki, watau an sauya layi ne, ba a fita daga gidan man ba.

Farashi shi ne bai dawo ba. Labar da ake saye ƙasa da dala 30 kafin 2020 yanzu tana kaiwa 50 ko fiye. A kan wannan akwai kuɗin jigilar kaya masu haɗari da kamfanonin aike ke ɗorawa a kowane kwali, tunda gidan waya ba ya ɗaukar albarushi, abin da ke sa sayen laba ɗaya ta intanet ya zama asara, ya kuma tura mutane ga sayen da yawa a lokaci guda. Ga harajin shigo da kaya da gwamnatin Trump ta ɗora a 2025, kashi 10 a kan kayan Ostireliya, 15 a kan na Tarayyar Turai, a kasuwar da yawan gwangwanayenta daga ƙetare suke. Tara kaya ma yana da iyaka: ƙa'idar kiyaye gobara da jihohi da yawa ke bi ta yarda da laba 20 a gida, ko 50 in akwai akwatin katako mai kauri. Cewa kowa na bin wannan ƙa'ida bayan abin da aka gani a 2020, wannan kuma wata magana ce.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda dalilin ɗurin kansa ya sauya. Harsashin kamfani na yau da kullum, irin milimita 9, ya sauko da farashi da sauri bayan wawaso ya lafa, domin kamfanoni suna da kwangilar albarushi kai tsaye kuma suna gasa da juna. Kayan haɗi ba su sauko haka ba. Yau wanda ya lissafa ƙyastu da albarushi da dalma da sa'o'in da zai zauna yana jan hannun inji, zai ga ribar ɗura irin wannan harsashi ta zama ƙalilan. Inda har yanzu ɗuri ke biya shi ne manyan harsasan farauta da na gasa da na tsoffin bindigogi. Sha'awar da aka san ta da talaka mai tattali tana komawa ta mai neman ƙwarewa wanda ba ya duba farashi, kuma saurayin da zai shiga sabo dole ya yi tunani sau biyu.

Ga kuma batun masu mallaka. A Nuwambar 2024 kamfanin Czechoslovak Group na Jamhuriyar Cek ya kammala sayen sashen harsashi na Vista a kan fiye da dala biliyan 2, wato Federal da CCI da Speer da Remington da Alliant gaba ɗaya. Uku daga cikin manyan masu yin ƙyastu huɗu na Amurka suka koma hannun kamfanin da ke cikin manyan masu samar wa Yukren harsashin igwa. Na huɗun, Winchester, shi ke gudanar da masana'antar harsashin soja ta Lake City a Missouri tun 2020. Wasu 'yan majalisa sun yi ƙorafi a kan cinikin, hukumar tantance jarin waje ta amince. Ba sai an ƙirƙiri wata maƙarƙashiya ba: kamfanin da ke da laba ɗaya ta audugar albarushi da masu saye biyu, ɗaya gwamnati mai kwangilar shekaru, ɗaya mutum mai gareji, kowa ya san wanda zai fara sallama.

Masu kyakkyawan zato a cikin masu ɗuri suna cewa yaƙi ba ya dawwama, kuma ranar da aka tsagaita wuta, duk waɗannan sabbin layuka na Faransa da Jamus da Finlan da Amurka za su nemi mai saye, araha ta dawo kamar zamanin Bruce Hodgdon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ƙarin audugar albarushi a duniya zai sassauta wa kowa. Amma ban ga abin zai zo da wuri ba. Rumbunan ƙasashen NATO sun yi ƙasa sosai, sun kuma yi alkawari a taron Hague na 2025 cewa za su kai kashe kuɗin tsaro kashi 5 cikin 100 na tattalin arzikinsu zuwa 2035. Cika rumbu zai ci shekaru bayan harbin ƙarshe. Sannan ragowar 1947 albarushin bindiga ce, irin wanda aka yi wa sojan ƙasa mai rataye da bindiga, shi ya sa ya shiga kwanson farauta kai tsaye. Ragowar wannan yaƙi, in an samu, ta igwa ce.

A tallansa na farko, Bruce Hodgdon yana sayar da gangar 4895 mai laba 150 a kan dala 30, mai saye ya biya kuɗin mota. Yau dala 30 ba ta sayen laba ɗaya ta H4895, kuma jirgin ruwa ne ke kawo ta daga Ostireliya.